Kaskon da Gwaggo Ta Yaba

Shekara goma sha bakwai Gwaggo ta yi tana girki a kicin ɗin wani babban asibiti, inda ake dafa wa mutum ɗari uku abinci ba gishiri ba yaji. Da ta yi ritaya ta ɗauka za ta miƙe ƙafa ta huta. Wata biyu kacal ta samu. Wata Asabar da hantsi sai ga ɗan wanta da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya sha ruwa, sannan ya ce aiki ya kawo mata.

Shafin girke-girke gare shi a intanet, shi da wani abokinsa suka kafa. Masu karatu suna zuwa don girke-girken, amma kuɗin ba a nan yake ba. Kuɗin yana wajen gwada kayan kicin, a faɗa wa mutane wanda ya cancanci saye da wanda bai cancanta ba. Kuma kaf duniya, in ji shi, bai san wanda ya fi Gwaggo iya kushe tukunya ba.

"Yabo ne wannan ko zagi?" ta tambaye shi.

"Yabo ne, Gwaggo. Har albashi za a biya a kai."

Ofishin wani dogon ɗaki ne a bene na biyu, saman shagon masu gyaran waya. An raba shi biyu. Gefe ɗaya kicin ne: murhun gas mai kai huɗu, firji, teburin ƙarfe, da kwalaye jibge har kusa da taga. Ɗaya gefen kuma tebur biyu ne da kwamfutoci. A nan ɗan wan nata yake zama, wanda kowa ke kira Edita, har ita ma ta ɗauka don tsokana. Ɗayan teburin na abokinsa ne, wani siriri mai tabarau da ake kira Kaso, saboda ba ya magana uku bai ce kaso kaza cikin ɗari ba. Shi ya zaunar da ita ranar farko ya yi mata bayanin inda abinci ke fitowa.

"Gwaggo, kin ga wannan koren maɓallin da ke ƙasan kowane rubutu? An rubuta 'Saya a nan'. Mutum ya karanta abin da kika ce a kan tukunya, ta kwanta masa, ya latsa. Maɓallin ya kai shi kantin intanet da ke sayar da ita. Kantin kuma ya san ta ƙofarmu mutumin ya shigo. In ya saya, ko yau ko cikin kwana talatin, sai kantin ya yanko mana wani abu daga cikin ribarsa. Wani kayan kaso uku cikin ɗari, wani takwas, wani har sha biyar. Shi mai saye ba a ƙara masa ko sisi."

"Au, dillanci ne," in ji Gwaggo. "Ka ce la'ada mana tun ɗazu."

"Kamasho muke cewa."

"Dillalin da ba ya ɗaukar kaya a ka, ba ya shan rana. Lallai kun huta."

Edita ne ya karɓe zancen, ya gyara murya. Ya nuna mata wata takarda da ya sa a gilashi ya rataye a bango, irin wadda ke saman kowane rubutu a shafin: muna iya samun kamasho idan kuka sayi kaya ta hanyarmu, amma wannan ba ya taɓa ra'ayinmu ko kaɗan. Ya ce wannan ita ce amanar da ke tsakaninsu da masu karatu. Don haka akwai doka: Gwaggo ba za ta taɓa sanin kason da kowane kaya ke kawowa ba, ba za ta karɓi kyauta daga kamfani ba, kuma ba wanda zai ce mata ta sauya ra'ayi. Tsakanin masu neman kuɗi da mai gwaji, in ji shi, akwai katanga.

Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi katangar. Falanki ne na katako, bai ma kai rufi ba, ya bar kamar kamu biyu a sama. Kaso kuwa in yana waya sai ka ce yana kiran wani a ƙetaren kogi. Kafin sati ya zagayo ta haddace kason kowace wuƙa da kowace buta da ke kan teburinta. Ta yanke wa kanta shawara za ta riƙa ji kamar ba ta ji ba, kuma ta iya, don a asibiti ta ji abin da ya fi wannan ta rufe baki.

Wata biyar na farko aiki ya tafi lafiya. Tana zuwa ƙarfe takwas, ta ɗaura atamfar aiki a ƙugu, ta buɗe littafinta mai layi-layi, ta ajiye agogo kusa da murhu. Buta minti nawa take tafasa ruwa, wuƙa tumatir nawa take yankawa kafin ta dakushe, blanda tana markaɗa tattasai ko wasa take da shi. In ta gama sai ta kara waya a baki ta faɗi abin da ta gani, Edita ya mayar da shi rubutu, ya ɗan cire kalmomin da ya ce ba na intanet ba ne. Masu karatu ba su da yawa, kamashon ma haka. Kaso yana yawan kallon rufi.

Sai aka kawo na'urar yanka albasa.

Wata ƙatuwar aba ce ja mai sheƙi, da maɓallai shida da ɗan allon haske, ga tsada kamar ta ƙaramin firji. Ta saman falankin Gwaggo ta riga ta ji cewa kaso sha biyar take bayarwa. Ta gwada ta kwana uku, ta wanke hannu, ta ɗauki waya.

"Na ba ta albasa ɗaya," ta ce. "Ta yi gurnani kamar ana tayar da tsohuwar mota, ta yi dogon tunani, sannan ta raba albasar gida uku. Kashi ɗaya ta mayar da shi ruwa. Kashi ɗaya ta bar shi yadda Allah ya halicce shi. Na ukun har yanzu nemansa muke, muna zaton yana bayan firji. Wanke ta ya ci mini minti ashirin da biyar, saboda gaɓoɓinta tara ne. Wuƙata gaɓa ɗaya gare ta. In akwai wadda kike jin haushinta kuma ba kya so a gane, ki saya mata wannan."

Da Kaso ya karanta, sai ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake karantawa ko rubutun zai canza. Edita ya yi ta safa da marwa tsakanin taga da ƙofa. Ya dubi takardar da ke cikin gilashi, ya dubi Gwaggo, wadda ta goya shi a baya lokacin da bai san kansa ba, kuma tana zaune yanzu tana kallonsa hannu a haɓa. Ya ja numfashi ya ce a saka. Koren maɓallin ma aka bar shi a ƙasa, don doka ce kowane kaya da aka gwada yana da nasa.

Kwana biyu tsakani rubutun ya karaɗe wayoyin mutane. Ana ta tura wa juna, ana maimaita maganar bayan firji. Abin da ba wanda ya zata shi ne mutane suka riƙa latsa maɓallin. Wani ya rubuta cewa ya saya wa surukarsa. Wata ta ce ita dai so take ta ga inda kashi na ukun ke tafiya. Wasu abokan aiki sun yi karo-karo sun saya wa ogansu. A wata ɗaya na'urar ta kawo wa shafin abin da duk tukwanen da Gwaggo ta yaba ba su kawo ba a wata biyar. Kamfanin ya aiko da wasiƙar godiya da kwandon 'ya'yan itace. Doka ta hana Gwaggo karɓar kyauta, don haka Kaso ne ya cinye, tun da shi yana ɗaya gefen katanga.

Daga nan kwalayen da ke hawowa benen suka canza kama. Na'urar fasa ƙwai. Cokali mai batir da ke juya shayi da kansa. Tukunyar da ke aiko wa mutum saƙo a waya cewa ta tafasa, alhali yana tsaye a kanta. Duk ranar Alhamis Gwaggo ta wanke ɗaya tas da baƙar magana, duk ranar Juma'a Kaso ya shigo yana fito. Masu karatu suka ninka sau goma. Aka sayi sabuwar fanka, aka ƙara mata albashi.

Wata rana ta leƙa ta ƙofar falankin riƙe da wani abu mai kama da takalmin roba, wai na ɓare tafarnuwa ne.

"Wai wa ke zaɓo waɗannan tarkacen?"

"Kamfanoni ne ke aikowa, Gwaggo," in ji Kaso. "Mu kuma mu duba wanda zai ja hankali."

"Wanda zai sha zagi dai."

"Gwaggo, tsakani da Allah, an taɓa ce miki rubuta kaza?"

"Ba a taɓa ba."

"To kin gani. Bakinki naki ne. Mu kwali kawai muke ɗorawa a tebur."

Ta koma kicin, don maganarsa gaskiya ce, kuma gaskiyar ce ta dame ta. Abin da ya fi damun ta ma ba Kaso ba ne. Ta lura a motar haya, tun kafin ta iso ofis, tun kafin ta yage kwali, takan fara shirya baƙar maganar da za ta yaɓa wa abin da ba ta gani ba tukuna. Akwai wata butar lantarki da ta ce tana tafasa ruwa kamar mai jiran a ba ta haƙuri. Mutane sun yi dariya sosai. Butar kuwa minti huɗu da rabi take yi, kamar sauran 'yan'uwanta. Ba ƙarya ta yi ba, amma ta san ta danne sikeli da ɗan yatsa.

A cikin wannan hali kaskon ya iso. Kwalinsa ba hoto ba ado, sai sunan wata ƙaramar masana'anta da ba ta taɓa ji ba. Baƙin kaskon suya ne mai faɗi, da hannun katako. Da ta ɗaga shi ta ji ya zauna mata a hannu daidai. Ta saman falanki kuma ta ji Kaso yana cewa a waya, "Sha takwas? Ka ce sha takwas?" Farashin ma ba na wasa ba ne.

Kasko mai tsada, kaso sha takwas. Gwaggo ta wasa harshe.

Ta fara da ƙwai, ba ta zuba mai ba ko ɗigo. Ƙwan ya soyu ya zame ya sauka a faranti kamar an roƙe shi. Ta soya kifi, fatar ba ta kama ba. Ta bar kaskon a wuta ba komai a ciki har ya yi hayaƙi, ta kwara masa ruwan firji, bai lanƙwashe ba. Ta dafa tumatir a ciki ta bar shi ya kwana, launinsa bai tashi ba. Ta karce shi da cokali mai yatsu. Ta ƙona sukari a ciki da gangan, ya fita da ruwan ɗumi da soso. A sati na uku, da haushi ya ishe ta, ta ture shi daga kan tebur. Tayil ɗin ƙasa ne ya tsage.

Ta zauna a kan kujerarta ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗauki waya.

"Sati uku ina neman laifin wannan kasko ban samu ba," ta ce. "Shekara talatin ina suya, ban taɓa riƙe irinsa ba. Yana da tsada. In kina da hali ki saya, ba za ki sake sayen wani ba. Shi ke nan abin da zan ce."

Washegari Edita ya ce suna son ganin ta. Ba a taɓa kiran ta taro ba. Suka jawo kujeru uku kusa da firji.

"Gwaggo," Edita ya fara, yana murza yatsu, "rubutun ya yi kyau. Sai dai... ya yi kyau da yawa."

"Kaskon ne ya yi kyau da yawa."

"Mun sani. Amma ki duba yadda mutane za su gani. Wata bakwai kina yi wa kaya tatas. Sai ga kasko mafi tsada, kin ce ba shi da laifi, ga maɓalli a ƙasa. Cewa za su yi an saye mu."

"An saye ku?"

"A'a!"

"To."

Kaso ya matso da kujera. "Gwaggo, ni ne zan fi kowa murna a sayi kaskon nan, kin san dalili, ko da yake bai kamata ki sani ba. Amma jarinmu yarda ce. In mutane suka daina yarda da ke, maɓallin nan ado ne kawai. Ki ɗan sa masa wani aibi, ko ƙarami ne. Ki ce ya yi nauyi."

"Bai yi nauyi ba."

"Ki ce baƙi ne."

"Kasko ne. Fari kake so ya zama?"

Edita ya ce to ko a cire maɓallin a wannan karon, don kowa ya ga ba kuɗi suke bi ba. Kaso ya dafe ƙirji kamar an soke shi, ya ce in aka cire na wannan, gobe mutane za su tambayi me ya sa ba a cire na sauran ba. Suka koma gardama a tsakaninsu, suka manta da ita.

Gwaggo ta ƙwanƙwasa teburin ƙarfe da ludayi. "Ku tsaya in gane. Kuna so in yi ƙarya don mutane su yarda ba na ƙarya?"

Kaso ya dubi ƙasa, inda tayil ya tsage.

"Kai Edita, kai ka ce ba wanda zai sa ni sauya magana. Ko dokar ta zagi ce kaɗai?"

Aka saka rubutun yadda ta faɗe shi, da maɓallinsa.

Edita da Kaso ba su yi kuskure ba. Kafin azahar sharhi ya haura ɗari huɗu. An saye Gwaggo. Nawa suka ba ki? Ashe ke ma kina da farashi. Wani ya rubuta doguwar wasiƙa yana ta'aziyyar gaskiya. Wata ta ce ta daina karanta shafin, sannan ta dawo sau uku ta sake faɗa. Da yamma maƙwabciyarta mai ɗinki ta tare ta a ƙofar gida, ta kama hannunta, ta rage murya ta ce ita ba ta ga laifinta ba, zamani ne, kowa da inda yake ci.

A gida mijinta, Malam, tsohon direban motar asibiti, yana zaune a tsakar gida da waya a hannu da tabarau a kan hanci.

"Ke uwar yara, wai an ce kin karɓi kuɗi."

"Har da kai, Malam?"

"Ni ban yarda ba. Na ce da kin karɓa da mun gyara rufin nan. Amma in an ba ki ɗin, kada ki manta da mai kai ki tasha."

Ta jefe shi da tsumman goge hannu. Ta yi dariya, amma da ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta ji abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata. Lokacin da ta danne wa buta sikeli, tafa mata aka yi. Yau da ta auna daidai, ta zama macuciya.

A wata guda kasko goma sha ɗaya aka saya ta maɓallin. Ɗaya daga ciki nata ne, da kuɗin fanshonta ta saya, don na ofis doka ta hana ta kai shi gida.

Wata Talata tana wanke kwanoni ta ji ana hawowa bene a hankali, ana tsayawa ana hutawa. Wani dattijo ne ya yi sallama, furfura fal kansa, hannuwansa duk tabon ƙuna. Ya ce shi ne mai masana'antar kaskon, Injiniya ake ce masa, kuma Gwaggo yake nema. Ya girme ta da aƙalla shekara goma, amma Gwaggon ya kira ta, kamar kowa.

Ta ba shi kujera da ruwa. Ya sha, ya ajiye kofin, ya dube ta da idon mai kawo ƙara.

"Gwaggo, me muka yi miki?"

"Ni? Ai yabon kaskonka na yi."

"Shi na zo a kai. Shekara shida na yi ina haɗa ƙarfen nan. Ma'aikata tara gare ni. 'Yata ce ta ce mu aiko miki, ta ce duk wanda kika zaga sai ya yi ciniki. Muka ɗauki kaso sha takwas muka bayar, abin da ko ni ba na samu a kan kasko ɗaya. Muka zauna muna jiran zagi. Sai kika yabe mu." Ya girgiza kai. "Yanzu har masu saye a da suna tambaya ko nawa muka biya ki."

"Injiniya, kaskonka ba shi da laifi."

"Na sani, ni na yi shi. Amma ki taimaka ki duba. Mai na'urar albasa ya buɗe reshe na biyu."

Dariya da tausayi suka kama ta lokaci ɗaya. Ta ce masa ba za ta ƙirƙiro masa aibi ba, ko don shi, ko don yaran nan biyu da ke laɓe bayan falanki suna saurare. Amma ta saya tana amfani da shi kullum a gida, kuma duk ranar da ya nuna wani hali, shi za ta fara kira. Ya rubuta mata lambarsa a bayan littafinta, ya sauka benen a hankali kamar yadda ya hau.

Sai da aka yi wata huɗu. Wata safiya tana juya dankali ta ji hannun kaskon ya ɗan motsa. Ta kashe wuta, ta juya shi ta duba. Ƙusa ɗaya ce mai murɗi ke riƙe da katakon, kuma ta saki. Malam ya ɗaure ta da sukurdireba, bayan kwana goma ta sake saki. Ta gwada na ofis, ta riƙa ɗora shi a wuta tana saukewa sau ɗari, shi ma ya fara rawa. Laifi ne na gaske, mai iya zubo wa mutum tafasasshen mai a ƙafa.

Ta kira Injiniya.

"Alhamdu lillahi!" ya ce, har sai da ta janye wayar daga kunne. "Katakon ne ke motsewa da zafi. Kai, ban yi tunanin wannan ba. Ki rubuta, Gwaggo, don Allah kada ki rage komai."

Ba ta rage ba, ba ta kuma ƙara ba. Ta ce kaskon yana nan yadda ta faɗa, amma bayan wata huɗu hannunsa yana rawa kamar haƙorin tsoho, kuma duk mai shi ya riƙa duba ƙusar kafin ya ɗora mai. Edita ya sa wa rubutun take da manyan baƙaƙe. Masu karatu suka yi ta murna, suna rubuto sharhi: Gwaggo ta dawo hayyacinta. Gwaggo ta mayar musu da kuɗinsu. Mun san ba za ki iya cin amanarmu ba. Suka kuma latsa maɓallin, ɗaruruwansu, suka sayi kaskon da ta ce hannunsa yana rawa, wanda suka ƙi saya lokacin da ta ce ba shi da laifi.

Injiniya ya sauya hannun, ya sa ƙusa biyu da zoben ƙarfe, ya aika wa duk wanda ya saya a baya sabo kyauta. Gwaggo ta gwada shi tsawon wata biyu, ta rubuta layi takwas cewa an gyara. Kusan ba wanda ya karanta.

A satin ne ta kira taro da kanta, kusa da firji. Ta ce daga yau rabin abin da za a gwada ita za ta zaɓa, ta shiga kasuwa da ƙafarta ta sayo abin da mutane ke amfani da shi kullum. Ɗaya rabin Kaso ya ci gaba da kawo tarkacensa, ta san da su ake biyan haya. In ba haka ba, kujerarta ta gida tana nan ba ta tsufa ba. Kaso ya buɗe baki zai kawo kaso, Edita ya riga shi ya ce sun yarda. Daga baya ya biyo ta kicin, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce ta yafe masa maganar ranar nan da ya nemi ta sauya ra'ayi a kan kaskon. Ta ce ta yafe, ya ɗauke mata kwandon shara tun da ya shigo.

Abin da ta fara zaɓa mabuɗin gwangwani ne, guda huɗu. Ɗaya mai kyau, biyu ba yabo ba fallasa, ɗaya ya yanke ta a yatsa. Kaso ya kwashe yini guda yana neman kantin da zai ba da ko kaso biyu a kansu, ya samo wa guda uku daga cikinsu, mai kyan ne kawai ba shi da maɓalli. Aka saka haka.

Tana cikin buɗe gwangwani na goma sha biyu mai kawo saƙo ya ajiye wani kwali ba hoto ba ado. Tukunya ce baƙa mai murfi, daga masana'antar Injiniya. A cikinta akwai 'yar takarda da rubutun hannu mai karkata: "Gwaggo, na yi iya ƙoƙarina a kan wannan, ina tsoron ta yi kyau. Ki duba da kyau don Allah."

Ta karanta wa Edita da Kaso, suka yi dariya har mai gyaran waya ya leƙo daga ƙasa. Ta rubuta lamba biyar a jikin kwalin, wato ta biyar a layin gwaji, ta tura shi ƙarƙashin tebur bayan wani injin feraye abarba da Kaso ya kawo, ta koma kan gwangwaninta.